Gwaggona da Asusun da Ba Ta Yarda da Shi Ba

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowa zai koma. Gwaggona, yayar mahaifina, ta amsa kiran Ubangijinta da hantsin wata Juma'a, a gidanmu da ke Vénissieux, gefen birnin Lyon, bayan jinyar da ta sha ta 'yan watanni.

Ranar zaman makoki falonmu bai ɗauki jama'a ba. Takalma suka cika bakin ƙofa har kan matakala. Mutanen Paris sun biyo jirgin ƙasa na safe, wasu ko karyawa ba su yi ba. Aka yi addu'a aka shafa. Wanda ya fara magana wani dattijo ne, Alhaji mai shagon aika saƙo gida a unguwar Goutte d'Or ta Paris. Ya ce, "Shekara da shekaru Hajiya na ba ni magani in kai Damagaram. Wallahi ba ta taɓa yarda saƙon ya isa ba sai ta ji muryar wanda ya karɓa. Shi ma sai ta sa ya karanto mata abin da ke jikin kwalin." Ya yi dariya, sai kuma ya rufe fuska da hannun riga.

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Maƙwabciyarta ta dā, wata likita Kirista 'yar Jos, ta ce Gwaggo kan karɓi takardar magani daga hannunta da godiya, sannan ta wuce kantin magani ta tambaya ko likitar ta san aikinta. Wani da ya ci tuwonta lokacin yana ɗalibi ya ce ranar da ya kawo mata labarin ya ci jarrabawa, sai da ta ce, "Madalla. Ina takardar?" Aka yi ta dariya ana share hawaye.

Amma da na shiga kicin ɗauko shayi, na tarar da mata biyu suna magana ƙasa-ƙasa. Ba su ga shigowata ba. Ɗaya ta ce, "Matar da ba ta yarda da banki ba, ina take zuba kuɗinta duk shekarun nan?" Ɗayar ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin, ta dubi tagogi, ta ce, "Ke ma dai. Wannan gidan kina jin daga sama ya faɗo?"

Na ɗauki butar shayi na fito. Maganar nan ce ta sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta wace ce Gwaggo, kuma don a san daga ina gidan ya fito.

Na zo hannunta ina budurwa, farkon shekarun dubu biyu, da gurbin karatu a jami'ar Lyon. Tana zaune a unguwar Minguettes, nan gefen Lyon, can saman ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar. Aikinta a ɗakin gwajin jini ne. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ranar da na sauka, kafin in huta ta buɗe akwatina ta zazzage, wai ta ga ko wani ya cusa mini abin da ban sani ba a filin jirgi. Sannan ta dafa mini shinkafa da miyar gyaɗa, ta zauna tana kallona har na cinye.

Ba ta sayen nama sai ta ga an yanka a gabanta. Ba ta sa hannu a takarda ranar da aka ba ta. Sai ta kwana a gida. In aka ce mata abu kyauta ne, nan take fuskarta ke canjawa. Tambayarta ɗaya ce, ta kan yi ta da Hausa ko da Faransanci, gwargwadon wanda ke gabanta: "To shi me zai samu?" Har shugaban ƙungiyar 'yan Nijar ya daina kiranta taro in za a yi maganar tara gudunmawa, don ya san ranar ba za a tashi da wuri ba.

Ba haka kawai ta tashi da wannan hali ba. Mahaifina ne ya ba ni labarin. Lokacin da ita da mijinta suka fara aiki a Faransa, duk abin da suka tara suna turawa wani banki a gida, da niyyar su koma su gina gida. Bankin ya durƙushe. Mijin ya yi ta jeka-ka-dawo tsakanin ofisoshi har ciwon zuciya ya kwantar da shi. Gwaggo ba ta taɓa yi mini wannan zance da bakinta ba. Abin da kawai na taɓa ji daga gare ta shi ne, "Su ma sun yi mana murmushi ranar da muka buɗe asusun."

Da na kawo mata mutumin da zan aura, ɗan Kano ne, injiniyan kwamfuta da ya yi karatu ya yi aiki a Ingila kafin ya dawo Paris. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ake yi, ya ƙi zama a kujera, aka kawo abinci ya ƙi ci a gabanta saboda kunyar surukuta. Yana fita ta ce mini, "Ladabin nan ya yi yawa. Mutumin da ba zai ci abinci a gabana ba, me yake ɓoyewa?" Ta bincike shi ta hanyar duk wani ɗan Najeriya da ta sani a Lyon. Ba ta samu komai ba, ta yarda aka ɗaura aure, amma ta ce mini rashin samu ba ya nufin babu.

Muka zauna a unguwar Belleville ta Paris, ɗaki da falo a saman wani gidan abinci. A nan rigimar ta tashi.

Kamfanin da maigidana ke yi wa aiki ya fito da wani tsari. In ma'aikaci ya amince, sai ya haƙura da wani yanki na albashinsa da na kuɗin ladan ƙarshen shekara, kamfani ya zuba su kai tsaye cikin asusun fansho na wurin aiki. Tunda kuɗin ba su shiga hannunka ba, haraji ba ya hawa kansu a lokacin, kuma kamfanin na ƙara nasa a kai. Sharaɗin shi ne ba ka taɓa su sai ka yi ritaya, in ban da wasu 'yan dalilai da doka ta ware. Maigidana ya san irin wannan tun yana Ingila. Ya yi mini bayani, na ce to, ya shiga.

Gwaggo ta zo mana hutun ƙarshen mako da jakarta cike da kuka da daddawa. Bayan azahar muna zaune, sai ya ɗauko zancen da murnarsa, yana ganin mace mai tsantseni irinta za ta yaba.

Ta ajiye kofin shayi. "Dakata, Malam. Kana nufin kai da hannunka ka je ka ce a rage maka albashi?"

"Ba ragewa ba ce, Gwaggo, canja masa wuri aka yi. Abin da da zai tafi haraji yanzu ya zama namu."

"Naku? Tashi ka ɗauko mini shi in gani."

Ya yi murmushi. "Ai sai an yi ritaya."

"To ba naka ba ne. Na mai riƙe da makulli ne." Ta gyara mayafinta. "Ni na fi ka daɗewa a ƙasar nan. Ban taɓa ganin ranar da gwamnati ta yafe lampo, harajin nan da kake faɗa, don Allah ba. In ba ta karɓa yau ba, tana jiranka a bakin ƙofar tsufa. Shi kuma mai kamfani da ke ƙara maka, ɗan'uwan babanka ne? Me zai samu?"

Ya ce shi ma kamfanin nauyin da ke kansa na raguwa, don haka kowa ya amfana.

"Voilà," in ji ta da Faransanci. "Ka ga ka faɗa da bakinka. Kuma kuɗin nan, kafin ka tsufa, ina suke kwana? Wa suke yi wa aiki? Giya suke sayarwa ko bindiga?"

Daga baya ya je ya bincika, ya sa aka mayar da nasa kason inda ya fi kwanta masa a rai, ya kira ta a waya ya faɗa mata. Ta ce, "Haka suka ce maka."

Da maganar ta tsaya nan, da da sauƙi. Amma da na raka ta tashar jirgi, ta riƙe hannuna a bakin dandamali ta ce, "Ki buɗe idonki. Namijin da ya mayar da albashinsa ƙarami, ya kai sauran inda matarsa ba ta iya gani, ban san me yake shiryawa ba. Yau yana Faransa, jiya yana Ingila, gobe wa ya sani? In ya tashi tafiya, asusun na binsa. Ke me ke binki?"

Maganar ta shige ni. Gidanmu ya yi sanyi na tsawon lokaci. In ya yi waya da Turanci sai in kasa kunne. Shi kuma ya gane daga inda iskar ke kaɗowa, ya daina zuwa Lyon, in ta kira sai ya gaishe ta a taƙaice ya miƙo mini wayar. Wannan ɓangare na halin Gwaggo ba zan ɓoye shi don ta rasu ba. Zarginta yana kare mutum, kuma yana ƙona shi.

Sai abubuwa suka fara bin bakinta. Na samu ciki, muka shiga neman gida mai ɗaki biyu. Masu ba da haya a Paris takardar albashi suke dubawa, ba ruwansu da abin da ke kwance a asusun fansho. Gidan da muka fi so, kusa da tashar metiro, jirgin ƙasa na cikin gari, aka hana mu, wai albashin bai kai ba. Da bai shiga tsarin ba, da ya kai. Na kira Gwaggo ina kuka. Ta ce, "Ki daina kuka, ba shi da kyau ga mai ciki," sannan ta ƙara, "Ki gaida mai lissafi."

Bayan haihuwar 'yarmu aka shiga shekarar nan da bankunan duniya suka girgiza. Abin da ke cikin asusun ya zube ƙasa a kan idonmu. Ba a jima ba kamfanin ya rage ma'aikata, maigidana na ciki. Kuɗin da gwamnati ke ba wanda ya rasa aiki ba su riƙe hayar Paris da jaririya ba, ni kuma lokacin ina ƙarasa binciken digirina ba albashi. Ga kuɗinmu can muna ganin sunansu, doka ta ce lokacin taɓa su bai yi ba.

Ban roƙi Gwaggo komai ba. Ita ta kira, ba doguwar gaisuwa, ta ce, "Na sa an kwashe kayan ɗakina. Ku taho."

Ta ba mu ɗakin kwananta, ta koma falo kan doguwar kujera, ga ciwon baya. Maigidana ya ce ba zai yiwu ba, shi zai kwana a falon. Ta ce, "Gidanka ne ko nawa?" Muka yi wata da watanni a Minguettes. Kada wani ya ɗauka ta yi mana kawaici. Kowace safiya in ta ajiye masa koko sai ta ce, "Sha, Malam. Wannan ba sai ka yi ritaya ba." Yakan sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Gwaggo." Wata rana na same shi tsaye a baranda yana kallon benaye, ya ce mini, "Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi."

Ranar wata Sallah aka taru a zauren da 'yan ƙasarmu kan kama haya. Labarinmu ya riga ya zaga. Wani mutum mai son a san da shi ya ɗaga murya daga ɓangaren maza, ya ce, "Ina injiniyan da ya kulle kuɗinsa ya jefa makulli a teku? An ce yanzu surukuwa ke ciyar da shi." Wasu suka yi dariya. Maigidana bai ɗago ba.

Gwaggo ta miƙe daga cikin mata, farantin abinci a hannunta, ta tako har tsakiyar zaure. Ta ce, "Bawan Allah, yaron nan kullum da asuba yake fita neman aiki, ya dawo ya yi wa 'yarsa wanka, ya ɗauko mini kayan kasuwa ya hau da su bene in lif ya lalace. Abin da ya yi, don iyalinsa ya yi. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, ni ke da izinin tuhumarsa, don ni na ba shi 'ya. Kai me ka ba shi?" Ta juya ta koma wurinta ta ci gaba da cin abinci. A hanyar gida cikin tiram, jirgin da ke bin titi, maigidana ya buɗe baki zai yi godiya, ta ce, "Kada ka ɗauka na canja ra'ayi."

Ba ta canja ɗin ba. A wurin aikinta ma an kawo musu irin wannan tsari, an yi ta lallashinta, ta ƙi. Ta san sarai tana biyan lampon da za ta iya kauce masa. Ta ce gara ta biya, ta ga ragowar a tafin hannunta. Masu tambayar inda ragowar ta tafi, ga amsarku: a tukunya ta ƙare. Duk Lahadi gidanta cike yake da ɗalibai. Wanda kuɗin karatunsa suka makara, a falonta yake kwana. Magungunan da Alhaji ke kaiwa Damagaram ba kyauta ake ba ta su ba. Da ta yi ritaya fanshonta ɗan kaɗan ne, har ta rage kunna na'urar ɗumama ɗaki, tana yawo cikin gida da rigar sanyi biyu. Maigidana ya taɓa ce mini, "Da ta shiga tsarin nan, da yanzu ba ta jin sanyi." Na ce, "Je ka faɗa mata." Bai je ba.

Allah ya buɗa masa aiki a nan Lyon, ni ma na samu nawa. Shekaru suka wuce, asusun da ya zube ya farfaɗo, ya ma haura. Cikin dalilan da doka ta yarda a fitar da kuɗin kafin ritaya akwai sayen gidan da mutum zai zauna a ciki. Da wani ɓangare nasu muka ɗora harsashin sayen gidan nan. Ko kwabon Gwaggo babu a ciki. Ranar da muka kawo ta gani, ta bi bango tana ƙwanƙwasawa, ta buɗe famfo ta rufe, ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Muka nuna mata ɗakin da muka ware mata. Ta ce, "Ku sa yara. Ni ba na kwana cikin kuɗin da ban san inda suka yi yawo ba."

Ciwo ne ya kawo ta. Da aka sallame ta daga asibiti likita ya ce ba za ta iya zama ita kaɗai ba. Maigidana ne ya goya ta daga mota har gado, tana ce masa ya yi a hankali, ta san so yake ya yar da ita.

Wata la'asar, kwanaki kaɗan kafin rasuwarta, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce in kira mata shi. Ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da gadon kamar yadda ya saba.

Ta ce, "Malam, akwai saura a asusun nan?"

"Akwai, Gwaggo. Ina ci gaba da zubawa."

"Ba ka ji magana." Ta numfasa, numfashin na yi mata wuya. "In Allah ya ɗauke ka kafin ka yi ritaya, wa za a ba?"

Ya dube ni, ya dube ta. "'Yarki. Sunanta na sa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na shiga."

"Tun kuna Belleville?"

"Tun muna Belleville."

Ta rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai na ga hawaye na gangarowa ta gefen kunnenta. Ban taɓa ganin kukan Gwaggo ba, ko ranar da aka aiko mata da rasuwar mahaifina.

Maigidana ya ce a hankali, "Gwaggo, kin tambaye ni komai a kan asusun nan. Wannan ne kaɗai ba ki taɓa tambaya ba."

Ta ce, "Shi ne wanda na ji tsoron amsarsa."

Can ta buɗe ido ta ce, "Ban ce na yarda da su ba, ka ji ko? Kai na ce." Sannan ta ɗaga hannu ta nuna kwanon farfesun da na kawo mata ta kasa sha. "Ɗauki ka ci. Nan, a gabana."

Ya ɗauka ya ci, yana ci yana kuka, tana kallonsa har ya cinye.

Shi ya tsaya kan komai ranar jana'izarta, shi ya shiga kabari ya karɓe ta tare da limamin unguwa. A nan Lyon muka binne ta, kamar yadda ta yi wasiyya.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maKa. Ta ciyar da waɗanda ba ta haifa ba, ta ba da gadonta ta kwana a kujera. Ka yafe mata kaifin harshenta, Ka yalwata mata makwancinta, Ka sanya ta inda babu tsoro babu fargaba. Duk wanda ta taɓa ɓata wa rai, ina roƙonsa ya yafe mata. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.